Kurkum a Bayan Ɓeraye

Siddappa ya shekara ashirin da shida yana kiwon ɓeraye a ɗakin bincikenmu na Mysuru. Karatunsa bai yi nisa ba, amma in ya kalli ɓera ya ce ba zai kai jibi ba, to ba zai kai ba. Ni ke kula da na'urar ɗaukar hoto, shi ya sa yake ce mini "mai danne-danne". Matarsa Gowramma ciwon daji ne ya kashe ta. Bai cika zancen ba.

Dakta Shailaja, shugabarmu, ta yi shekara huɗu tana haɗa wani ruwan allura. In aka yi wa ɓera, sai ya bi jini ya manne wa ƙwayoyin cutar daji, su yi haske a na'ura. Sharaɗin ɗaya ne: cikin kwana uku ya narke ya bar jiki. In bai narke ba, an rufe aikin.

Kwana na uku ya faɗo washegarin Ayudha Puja, bikin da kowa ke shafa wa kayan aikinsa kurkum. Na saka ɓeraye goma sha biyu a na'ura, kowanne ya fito da ɗigon haske a gadon baya. Dakta ta cire tabarau.

Siddappa ya leƙa allon ya ce, "Dakta, nan na taɓa su."

"Da me, Baba?"

"Da kurkum, ɗan mitsitsi. Na shafa wa na'ura, na shafa wa keji. Su ma ai kayan aiki ne, su ke ɗauke da ciwon ma."

Kurkum kuwa haske yake yi a na'urar. Da ya ja bakinsa, wallahi ba wanda zai sani.

Aka goge ɓerayen aka sake ɗauka, allo ya fito baƙi ƙirin. Ruwan ya narke, aikin ya tsira. Shi kuma aka cire shi daga ɗakin ɓeraye aka mai da shi wankin kwalabe. Doka ce. Na sa hannu a rahoton, kuma har yau yana damuna.

Ranar da ya miƙa makulli ya tambaye ni, "Kai mai danne-danne, abin nan yana ganin ciwo tun yana ƙarami?"

"A ɓera dai, ko da kamar ƙwayar tamba ne."

Ya jinjina kai. "Na Gowramma sai da ya kai mangwaro suka gan shi."

Ya ɗauki kwanon abincinsa ya sauka ƙasa wurin wankin kwalabe.