Ranar da Likita Ya Sa Muka Riƙe Ɗamarar Juna

Har gobe ban manta da ranar da Dokta Sambo ya jera mu a tsakiyar ɗakin mata kamar 'yan firamare ba. Farkon shekarun casa'in ne, ina staf nas, wato matakin da ke ƙasa da sista, a wani asibiti a arewacin Kaduna. Ku 'yan yanzu ba ku ga kayanmu ba: farar riga, 'yar hula, da faffaɗar ɗamara wadda launinta ke nuna muƙaminki. Kai, mun sha kyau a lokacin!

An kawo mana Asabe, mai tuyar ƙosai a Kurmin Mashi, tafasasshen mai ya ƙone mata hannun dama. Ni ke wanke ciwon kowace safiya in rufe. Ƙuna daga gefe take warkewa, wata siririyar fata kamar yanar kunu ce ke rarrafowa zuwa tsakiya. To, ta Asabe in na gan ta yau, gobe babu. Dokta ya ce in aka ci gaba haka sai an tura ta Zariya a yanko fatar cinyarta a ɗora, kuma ba lallai yatsun su sake miƙewa ba. Asabe ta yi kuka, don da hannun nan take ciyar da 'ya'yanta.

Wata rana na dawo daga sallar la'asar na tarar da mahaifiyarta, Inna Kande, ta kwance bandejin, tana tsoma tsumma a ruwan zafin fulas tana gasa ciwon tana gogewa, yadda ake yi wa targaɗe a gida.

"Inna! Me zan gani haka?"

"Gashi nake mata, 'yar nan. Kun bar mata farin datti a bakin ciwo, yaushe zai warke?"

Kun san ni da zuciya. Na kai ƙara, na ce a hana ta shigowa. Dokta Sambo dattijon Basakkwace ne, ba ya gaggawa. Ya ce, "In kin kore ta, ran da aka sallame su mi za ta yi a gida? Kirawo min 'yan'uwanki ma'aikatan jinya."

Ya jera mu kafaɗa da kafaɗa a gaban Inna Kande, kowace ta kama ɗamarar ta kusa da ita.

"Inna, wagga fata da kike gogewa ƙananan ƙwayoyi ne, ido bai ganinsu. Kowace na da ɗamara a cikinta, ta wasu zaruruwa da muke kira aktin. Tana da 'yan ƙugiyoyi da ke leƙowa waje su kama na maƙwabciyarta, gindinsu kuma a jikin ɗamarar yake ɗaure. Ja ta ƙarshen nan mu gani."

Inna ta ja, duk muka taho gaba ɗaya.

"Haka suke tafiya su rufe ciwo, a haɗe."

Sai ya ce in sassauta tawa. Inna ta sake ja, ɗamarata ta zame ta bi hannun ƙawata, aka bar ni tsaye a baya. Har metiron, shugabarmu da ba ta dariya, sai da ta dara.

Dokta ya ce, "Kin gani? Hannu na nan, amma in ɗamara ba ta ɗauru ba, riƙon banza ne. Ta sabuwar fata ba ta yi ƙwari ba tukuna. Ruwan zafi da tsumma ke wargaza ta."

Idon Inna ya ciko. "Ashe ni nake kwance musu."

Daga ranar ta zama mai gadin hannun nan. Ko ƙuda bai isa ba. Shi kansa Dokta, da ya kai almakashi kusa da gefen ciwon, sai ta ce, "Likita, a hankali, ɗamararsu ba ta yi ƙwari ba!" Ya ce, "To, Inna, na ji."

Ba a je Zariya ba. Dokta Sambo ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, ina kewar irin koyarwarsa ƙwarai. A wurinsa na koyi cewa mai jinyar da ke ɓata miki aiki yawanci ƙauna ce ta sa shi, don haka ki nuna masa da abin da idonsa zai gani kafin ki ɗaga murya. Shekaru da yawa, duk sanda na bi ta Kurmin Mashi, Asabe kan miƙo min ƙosai mai zafi da hannun nan na dama, yatsunta biyar a miƙe.