Dabinon da aka tauna wa ƴata

Na ga ƙurajen nan da idona. Abin da ya hana ni yafe wa kaina ke nan har yau, kuma tun da ban yafe wa kaina ba, ban ga dalilin yafe wa kowa ba.

Haihuwata ta fari ce, a gidanmu na Matamaye, inda na koma goyon ciki. Washegarin haihuwar da hantsi wan surukina ya iso daga Kance. Baba Malam muke ce masa. A dangin mijina duk jaririn da aka haifa shi ke tauna masa dabino, ya lakato da yatsa ya shafa masa a baki don albarka. Aka yi masa shimfiɗa a ƙofar ɗaki, aka miƙa masa yarinya. Daga bakin gado nake hangen leɓensa na sama: ƙuraje ƙanana sun taru wuri guda sun yi ruwa, ɗaya har ya fashe. Ya tauna, ya shafa mata, ya sumbace ta a kumatu da saman ido.

Raina ya ƙi abin nan ƙwarai, amma ban ce uffan ba. Ƴar fari ce. An koya mini cewa mace mai tarbiyya ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ko kuka yake sai ta yi kamar na maƙwabta ne. Sai da ya tafi na raɗa wa mahaifiyata, "Inna, kin ga bakinsa kuwa?"

"Ke, rufe mana baki," in ji ta. "Zazzaɓi ne ya fito masa, wa bai taɓa yi ba? Daga haihuwa jiya har kin fara rawar kai a kan ƴar fari?"

Na rufe bakin. Kwana biyu bayan suna yarinya ta ƙi nono, jikinta ya ɗau zafi, ƙuraje masu ruwa suka feso mata a leɓe da gefen idon hagu. Matan gida suka ce zafi ne, a shafa mata man kaɗe. Na ƙara kwana biyu ina wannan kunyar ta banza, ina jiran wani babba ya fara cewa a kai ta likita. Da na ga idon ya daina buɗewa na saɓe ta na fita, ban nemi izinin kowa ba. Daga likitar garinmu aka tura mu Damagaram.

Mako uku muka yi ana ɗura mata magani ta jijiya. Likitar da ke duba ta, wata mace mai magana a hankali, ta tambaye ni ko cikin masu ɗaukar yarinyar akwai mai ƙurajen leɓe. Na ba ta labarin dabino. Ta bayyana mini cewa ƙwayar cuta ce, tana cikin ruwan ƙurajen da kuma miyau, fata ta taɓa fata ake ɗauka. Yawancin mutane tun suna yara suke samunta wajen sumbar manya, ta kwanta a jiki, sai zazzaɓi ko gajiya su tashe ta. Miji da mata ma suna ba juna wajen sumba da kwanciya, har takan sauka al'aura idan baki ya kai can. Ga babba ɗan ƙaiƙayi ne na kwanaki. Ga jaririn da bai yi wata ba tana iya taɓa ido, ta taɓa ƙwaƙwalwa, ta kashe.

Ƴata ta rayu. Idon hagu ne ya yi fari, ya tafi ke nan.

Wautar da na yi ita ce na kwashe bayanin nan duka na faɗa wa mijina, shi kuma duk cikinsa kalmar kwanciya kaɗai ya ji.

"Kin san abin da kike faɗa?" ya ce. "Ciwon da ake ɗauka a shimfiɗa za ki ɗora wa Baba Malam? Mutumin da ya yi mana saukar Alƙur'ani?"

Na rantse, na maimaita, na ce ba wanda ya kira tsohon nan fasiƙi, ƙila shi ma kakarsa ce ta sumbace shi yana yaro. Ina! Magana ta zaga dangi cewa ƴar lakwal, mai taƙama da boko, ta yi wa malami ƙazafi. Manya suka zauna suka yanke cewa kada wanda ya kai masa zancen, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Zuciyarsa! Idon ƴata fa, shi ya ɗauka? Mutuncin tsoho ɗaya suka kare, suka ci gaba da miƙa masa jarirai. Na tabbata da an faɗa masa da ya daina duk lokacin da bakin ya fito, don shi ba mugu ba ne. Ƙannen ƴata biyu dai na hana a kai masa, aka zage ni, na shanye.

Bara da ƙaramar Sallah muka je gaishe shi a Kance. Yarinyar tana da shekara takwas, in za ta dubi mutum sai ta juyo da kanta gaba ɗaya. Ta durƙusa a gabansa, ya kama haɓarta ya ɗaga fuskar zuwa haske, ya daɗe yana kallo.

"Ayya, ƴar nan," ya ce. "Me ya sami idonki haka?"

Mijina ya zuba mini ido. Kafin in buɗe baki ta riga ni, da muryarta mai zaƙi, ta faɗi abin da ni da kaina na koya mata ta riƙa gaya wa ƴan ajinsu.

"Baba, Mama ta ce haka aka haife ni."