Turancin Gwaggo Mai Zare

Shagon Gwaggo bai fi faɗin tabarma biyu ba, amma babu telan da bai san hanyarsa ba a layinmu. Zare take sayarwa, da maɓallai da zif da allurar keke. Yayar mahaifina ce, kuma kantin maganin da nake aiki yana jikin bangonta, ko tari ta yi ina ji.

Idon Gwaggo ba na wasa ba ne. Tela zai shigo da ƙyalle, ya zaɓi zare ya ce wannan ya yi. Ta ɗan kalla ta gefen tabarau ta ce, "Bai yi ba. Wannan shuɗin ya fi naka duhu. Fita da shi rana ka gani." Ya fita, ya dawo yana sosa ƙeya.

Ɗanta ɗaya tal, wanda muke kira Yaya. Karatu ya kai shi wata ƙasa mai nisa, aiki ya riƙe shi, ya yi aure a can ya haifi 'ya mace. Yarinyar ta isa shiga makaranta, amma ko "zo" ba ta ji da Hausa, kuma Gwaggo ba ta taɓa ɗaukarta a hannu ba. A waya kawai suke ganin juna, ƙarshen mako, Yaya yana tsakani yana tafinta. Gwaggo ta zuba magana mai tsawo, da tsokana da addu'a, shi kuma ya dunƙule ta a kalma biyu.

"Kai, duk abin da na faɗa shi ke nan?"

"Inna, ai ma'anar ke nan."

Abin yana ci mata rai ƙwarai. So take ta yi hira da jikarta baki da baki, ba da aron bakin kowa ba. Ranar da ta ce min za ta koyi Turanci na yi dariya har da riƙe ciki. Ta bari na gama, ta miƙo min allin tela ta nuna min kantar shagon, wato in fara rubutu.

Ta taɓa yin ajin manya, ta san haruffa. Ni ke rubuta mata kalmomi a kan kantar idan ciniki ya lafa. Ba a jima ba ta gano cewa Turanci ma kamar kayan shagonta yake, cike da abubuwa masu kama da juna waɗanda ba ɗaya ba ne. Ta sa na jera mata soup da soap, ta duƙa tana dubawa.

"Dubi rashin tausayin mutanen nan, 'yar nan. Miya da sabulu, harafi ɗaya ne tsakaninsu! Shi ya sa ɗana ya rame."

Thread, wato zare, da ke rubuce a jikin kwalayenta ta ajiye shi kusa da bread, ta ce saura kaɗan ta gaya wa jikarta ta tsufa tana sayar da burodi. Haka take yi da kowace kalma, sai ta nemo mata 'yar'uwa, ta jera su, ta ƙura musu ido har ta ga inda suka rabu. Wadda ta gani sau ɗaya ba ta ƙara ruɗa ta. In na buɗe baki zan maimaita mata yadda ake furtawa, sai ta ɗaga hannu.

"Na ji. Nuna min kamanninta dai."

Na kawo mata rediyo don kunnenta ya saba, ta ce masu maganar gudu suke kamar an biyo su, kuma babu abin kallo a ciki. Ta tura shi bayan kwalin zif.

Da ta ga ta shirya, ta ɗaura sabon ɗankwali, ta share kantar shagon. Waya ta shigo da la'asar. Ta ce wa Yaya ya miƙa wa yarinyar ya fita daga ɗakin, sannan ta juyo kaina.

"Ke ma koma kantinki. Yau ba tafinta."

Na koma na kafa kunne a bango. Muryar Gwaggo nake ji, ta yarinyar ba ta isowa. Ta gaishe ta, ta ce ita ce kakarta, ta ce tana sayar da zare, ta ce tana son ganinta. Kalma bayan kalma, a hankali, babu wadda ta kuɓuce mata. Wallahi sai da idona ya ciko. Daga nan sai shiru, shiru mai tsawo, har na kasa haƙuri na leƙa.

Na same ta zaune, waya a cinya an riga an kashe.

"Ta gane ni," ta ce. "Kin ga yadda fuskarta ta washe? Sai ta kama zuba, tana dariya, tana nuna min giɓin haƙorinta. Ko ɗaya ban kama ba, 'yar nan. Ashe in suna fitowa daga baki ba su da kamanni. Ido na koya wa Turanci, na bar kunne a baya."

Na ce ai ba komai, an fara ke nan.

"Ba ki gane ba. Can sai ta daina dariya. Ta matso da fuskarta, ta rage murya, ta tambaye ni wani abu. Ta sake tambaya. Ni kuwa ina ta murmushi kamar hoto. Sai ta ajiye wayar ta tafi kiran ubanta."

Yaya ya tambayi yarinyar daga baya, ta ɗaga kafaɗa ta ce ta manta. Gwaggo ta kwaikwaya min sautin iya yadda ta riƙe, na juya shi ta kowace fuska ban ga kansa ba. Na ce mata wataƙila shirmen yara ne.

Ta girgiza kai. "Ba ta tambayi uwarta ba, ba ta tambayi ubanta ba. Ni ta tambaya, 'yar nan. Kuma ta jira ni."