Karatun da Na Yi wa Bango

A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Ta shayar da shi, ta miƙa wa kakarsa. Haka na tarar, haka na yi da nawa.

A ƙauyen Abare aka haife shi, lokacin da maza ke niƙa dutsen zinare a tsakar gida, ƙurar na sauka har cikin tukunyar miya. Daga baya aka ce akwai gubar dalma a ciki. Aka kankare ƙasar gidajenmu, aka ba yara magani. Nawa ya rayu, amma ya shekara uku bai ce uffan ba. In yana son ruwa, sai ya nuna randa.

Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce magani ya yi nasa, saura namu. A riƙa yi masa magana, in da mai karatu a gidan a karanta masa da ƙarfi, don kunne ke ciyar da baki. Duk gidan ni kaɗai na yi firamare. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, tana wurin, ta ji bayanin. Ni kuwa na ji tsoro, na kuma ji kunya, ban san wanda ya fi ba.

Sai na nemo dabara. Na ciro tsohon littafina na aji uku, wanda gara ta ci bayansa. Kullum bayan la'asar in zauna a tabarma, in fuskanci bango, in karanta da ƙarfi. Wai da bango nake. Labarin wani jaki ne da ya ƙi tsallake rafi. Matan gida suka sa mini suna malamar ƙadangaru, na ƙyale su.

Da farko yaron yana can gindin turmi. Sannu a hankali ya matso bakin tabarma, har ya fara dafa bayana yana leƙen hoton jakin. Ban taɓa waiwayowa ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, labarin nan ɗaya nake ta maimaitawa har ya ishe ni.

Ran nan ina cikin karatu akuya ta tura kai cikin ƙwaryar gero. Na tsaya daidai inda mai jaki ke jan sa da igiya, na miƙe zan kore ta. Sai na ji murya a bayana, ƙarama, a dishe.

"Jaki ya ƙi."

Layin da ke biye ke nan. Na tsaya cak, littafi a hannu. Inna na bakin murhu, ta ji, kuma ta ga na ji. Yaron ya ja zanena, ya sake faɗa, yana jiran amsa.

Inna ta juya mana baya, ta ci gaba da hura wuta.

"Amsa mai," ta ce. "Ni ban ga komi ba."

Na zauna, na juyo daga bango, na kira sunansa.