Gefen da Kaka Ta Manta

A Fakku na girma, a ɗakin Kaka, uwar babana. Idan sanyi ya shigo, da an ci tuwo sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta zuba gyaɗa a toka. Zamanmu yana da tsari: maza a damanta, mu mata a hagu, wajen randa. Tana ɓare gyaɗa tana miƙawa nan da can, har ta ce, "To, ga wata nan tafe gare ku." Mu ce ta iso mu ji.

Akwai tatsuniyar da nake tsoro, kuma ita nake roƙo. Wata mata ce mai tagwaye ta zo ƙetare gulbi da magariba, Hasana a hannun dama, Usaina a hagu. Dodon ruwa ya tare ta ya ce ta ba shi ɗaya. Ta ce sai dai ya cinye ta. Ya yi dariya ya ce ba zai ƙwace ba, da kanta za ta bari. Ya sa jiƙaƙƙen yatsa ya taɓa mata kai. Ta isa gida ta dama fura ƙwarya ɗaya. Maƙwabta suka ce ina ta ɗayar? Ta ce wace ɗaya? Usaina kuwa tana nan riƙe da bakin zanenta tana kuka. Haka ta girma a gefen uwarta, uwar ba ta ganinta, har ranar da ta koma gulbin da ƙafarta.

Na ce, "Kaka, uwar muguwa ce ko?"

"Ke, mi kis sani? Wa yac ce muguwa ta? Ku dai bar wankan gulbi da magariba, 'yan banza."

Wata shekara Kaka ta faɗi a bakin murhu. Ta tashi, bakinta bai karkace ba, har ta koma ba mu tatsuniya. Amma gyaɗa ta daina zuwa hagu. Maza su ci, mu muna kallo. In na yi magana sai ta waiga wajen yayana Bello ta ba shi amsa. Innata ta ce tsohuwa ta ɗauki gaba da 'ya'ya mata. Babana ya ce iska ce, aka yi ta turare da rubutu. Ni dai na lura tana cin rabin tuwo ta ce ya ƙare, in na juya mata akushin sai ta ce, "Allah shi yi miki albarka, kin ƙaro." Kallabinta ma gefe ɗaya take ɗaurawa. Da damina ta rasu.

Yanzu ina aure a Tambuwal. Tun da kuɗi suka shigo ƙasa kowane gida da babur, mu ma maigida ya sayo. Bara yana dawowa daga Dogon Daji da 'yarmu Dije a gaba, akuya ta gitta. Shi ya kuje gwiwa. Dije kuwa, kanta ya bugi dutse, sama da kunnen dama.

Ta farfaɗo, muka gode wa Allah. Da muka dawo gida daga asibiti na ga ta sa takalmi ɗaya ta fita. Ta zura hannu ɗaya a riga ta ce ta gama. Ta bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗar hagu, gobe ta sake. Na taɓa ganin irin wannan a wajen Kaka.

Likitan da ya duba ta a Sakkwato ya dafa nasa kan, can sama ta baya, ya ce idonta lafiya lau. A nan, in ji shi, akwai wurin da yake tara abin da ido ya gani da abin da fata ta ji, ya gaya wa mutum ga inda komai yake, har da jikinsa. Na dama shi ke kula da hagu. Daga nan wasu siraran jijiyoyi suke kai saƙo gaban ƙwaƙwalwa, inda ake cewa juya ka duba. In wurin ya ji rauni, ko jijiyoyin suka tsinke, saƙo ba ya isa, kuma mai ciwon bai san ya rasa komai ba. Ya ce na yara yakan gyaru, amma bai yi mini alkawari ba.

A mota na yi ta tunanin matar gulbi. Ashe Kaka ta san irin wannan tun kafin ya same ta, wataƙila ta gani a wajen wani nata, ba ta da sunan da za ta ba shi sai dodo. Muna yara tausayin Usaina muke ji. Ban taɓa tunanin abin da aka raba uwar da shi ba.

Surukata ta ce sangarta ce, a sa bulala. Na ce, "Inna, ki dake ni, kada ki taɓa ta." Shekara mai zuwa Dije da sa'o'inta za su shiga makaranta, ta bakin kwalta za su bi, inda manyan motoci ke wucewa. Wannan ke hana ni barci.

Jiya ina yi mata wanka ta dubi hannunta na hagu, ta yamutsa fuska.

"Inna, hannun wa na wanga? Ki ɗauke shi."

Na ce nata ne. Ta ce a'a, nata ga shi nan, ta ɗaga na dama. Na kama ɗan hannun na cuɗa shi da sabulu yatsa bayan yatsa, na ce, "To, bar shi a wajena. Ina riƙe miki har ki tambaya."