Gwajin Kafaɗa

Bindigar da na gada wajen mahaifina ba ta da kunya ko kaɗan. Ƙirar maƙera ce, doguwa, mai baki ɗaya, kuma in ta tashi sai ta fara shurin mai ita kamar jaki kafin ta kula da abin da aka auna. Tun ina saurayi nake shan wannan shuri ban taɓa kai ƙara ba. Alfahari ma muke da shi, mu maharban Kurawa, don a wajenmu bindigar da ba ta shuri sanda ce kawai.

Sai babur ya kayar da ni cikin yashin hanyar Gangara, na faɗa kan kafaɗar dama. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya kama, amma ƙarfin bai dawo ba.

Muna da wata al'ada da muke kira gwajin kafaɗa. In an gama girbin gero, maharba kan taru a filin bayan gari gaban Sarkin Baka, shugabanmu, kowa ya yi wa bindigarsa ɗurin gaske ya harbi wani tsohon kututture yana tsaye. Wanda ta kayar, an ce ta sallame shi, sai ta koma hannun ɗan'uwansa mafi kusa. Shi ya sa ɗan'uwan kan tsaya dab da gefen mai harbi, ya cafe ta kada ta taɓa ƙasa. Shekarar da na karye, ta zaunar da ni daɓas a gaban jama'a, ƙanena ya cafe. Sarkin Baka ya dubi furfurata, ya ce a bar mini ita zuwa baɗi albarkacin mahaifina. Wallahi wannan alfarmar ta fi faɗuwar yi mini ciwo.

Ba don kwalliya nake riƙe da ita ba. Gonata tana bakin fadama, rogo ne da dankali, kuma aladun daji da birai sun san hanyarta fiye da ni. Ranar da na rasa bindiga na rasa gonar. Shi kuwa ƙanena, tun da daji ya ɓaci da 'yan bindiga ya kwashe iyalinsa ya koma Sabon Birni ya buɗe shago, kullum maganarsa in bi shi. Wato in je in zauna bakin shagonsa ina korar ƙuda ina amsa gaisuwa. Na san bindigata ba ta kai ta mutanen daji ba, ban kuma taɓa cewa ta kai ba. Amma ba su suka share gonar ba, ba su za su ba ni ranar barinta ba.

A kasuwar Burkusuma wani tsohon soja daga tsallaken iyaka, da muke shan shayi tare, ya ga yadda nake ɗaga kofi da hagu ya tambaye ni dalili. Da na ba shi labari, sai ya ce ai akwai ɗan guntun ƙarfe mai huji-huji da ake sa wa bakin bindiga, ƙarfin hayaƙin ya riƙa fita ta gefe maimakon ya taru ya koma wa kafaɗa. Ya nuna mini hotuna a wayarsa, wasu dogaye, wasu gajeru, wasu hujinsu a sama. Na ɗora yatsa kan gajere mai huji a gefe, don hannuna ba ya son nauyi, kuma shurin ne abokin gabana.

Maƙerina yana garin Isa, sa'ana ne, tare muka tsufa muna zagin juna. Da farko ƙememe ya ƙi. Ya ce in abin ya fashe a fuskata shi za a ce ya kashe ni, kuma ubana da ya riƙe ta har ya koma ga Allah bai taɓa neman a yi mata tarbiyya ba. Na ce ubana bai hau babur ba. Na farkon da ya ƙera ya yi nauyi, bakin bindigar sai rinjaya yake yana gaida ƙasa, na ce ya mayar da shi wuta. Na biyu ya zauna daram. Muka ɗaure ta jikin bishiya, muka ja kunama da doguwar igiya muna can baya, ta tashi lafiya. Da na gwada ni kaɗai a gona, shurin ya koma turi, irin na wanda ke son ka ba shi hanya a kasuwa. Sai dai ganyen rogon da ke dama da hagu ya kwanta ya tashi, kunnena kuma ya wuni yana kuka.

Ranar gwaji ban ko sauke ta daga kafaɗa ba aka fara. Wani ya ce na sa mata takunkumi kamar jakin da ke cin hatsin mutane. Wani ya ce wannan maguɗi ne, a cire ƙarfen ko in ajiye. Na ce wanda ya isa ya zo ya cire. Sarkin Baka ya juya ta a hannunsa ya daɗe, sannan ya ce shi abin da ya gada kafaɗa ce da ƙasa, ba a bar masa wasiyya kan bakin bindiga ba.

Ƙanena ya zo ya tsaya a gefena, ya ma ɗan matsa gaba, hannuwa a buɗe.

Na ce, "Matsa baya. Wagga yanzu ta gehe taka magana."

Ya ce, "Nan ubanmu yat tsaya ma wanai, Yaya. Nan za ni tsayawa."

Na sake faɗa, dattawa suka ce girman kai ke damuna, ba a taɓa gwaji ɗan'uwa na baya ba. To. Na kafa ƙafa, na ɗora gindinta kan tsohon ɗorin, na ja.

Da hayaƙi ya yaye, ina tsaye. Ƙanena ne zaune a ƙasa, hularsa can gefe, ya dafe kunne. Filin ya kwashe da dariya har Sarkin Baka yana share hawaye, wani yana cewa yau bindiga ta sallami wanda bai ko aure ta ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da rabona da shi tun kafin in karye.

Na miƙa masa hannun hagu na tashe shi. Saboda kunnensa ya toshe, bai san da ƙarfi yake magana ba, kowa ya ji.

"Mi za ni yi da bindiga, Yaya? Ɗaki za ni kulle ta. So nike ka taho gari da ranka, kada wata rana a aiko min in zo in ɗauke ka bakin hwadama."

Dariyar ta mutu. Ni da na shekara ina zaton gadon ubanmu yake wa haɗama, sai na rasa inda zan sa idona. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, don gaskiya ya faɗa kuma ba ta canja komai ba. Na kaɗe masa ƙasar da ke bayan rigarsa, na sa masa hularsa, na matso kusa da kunnen da ke ji.

Na ce, "In an aiko, ka taho da buhu. Rogon ya isa tono, kada ka bar ma birai."