Tsinken da Ya Ceci Duna

A shekarun da na yi wayo, rugarmu tana gefen dajin Falgore. Idan an ɗaure maruƙa an ci tuwo bayan magariba, mukan taru gindin wutar da ake hura wa shanu. Nan kakata Inna Dije take shimfiɗa buzunta. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, shi ne ɗanta na fari, saboda haka tana jin kunyarsa. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ta kama dole sai ta ce "mutumin can".

Akwai daren da ba na mantawa. Da la'asar aka tsinci maraƙarmu a bakin rafi a mace, karena Duna yana kanta, bakinsa duk jini. Baffa ya ɗaure shi a jikin turke ya ce da safe zai kashe shi, domin karen da ya ɗanɗani dabbar gida ba ya dainawa. Ban iya cin tuwo ba. Baffa kuwa ya zauna nesa kaɗan yana tufka igiya, ya ba mu baya.

"Maigidana, wannan fuska fa?" in ji Inna, don da haka take tsokanata. "In ka ci gaba da kumbura baki, sai in ɗauke ka tukunya in ɗora a murhu. Matso. Ga wata nan tafe, ku ba ta wuri."

"Ta zauna mu ji ta," in ji ƙanwata Hanne.

Ta ce wai an yi wata ɓauna da ta wayi gari ta iske ɗanta a mace, dila yana lasar jininsa. Aka kama dila aka kai shi gaban damisa, wadda take alƙalanci a lokacin. Dila ya rantse a mace ya same shi, yunwa ce kawai ta sa ya taɓa. Kowa ya yi dariya. Sai tsohon kunkuru ya iso a makare, ya ce a ba shi ƙashin wuyan mamacin. Ya ga ramuka huɗu masu zurfi. Ya karya tsinke daidai tsakanin biyu na sama, ya ce dila ya buɗe baki. Tsinken ya fi ƙarfin bakin dila, ko shiga bai yi ba. Kunkuru ya bi kowa yana gwadawa, har aka zo kan alƙaliya.

"Sai damisa ta ce ita azumin magana take yi," in ji Inna, ta danne leɓɓanta. Hanne ta faɗi da dariya. Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, ta ce, "Wanda aka gani a kan mushe daban, wanda ya kashe daban. Ƙashi ne kaɗai ya san su biyun. Nan ta tsaya, ni ma na tsaya."

Na lura hannun Baffa ya daina tufka.

Da asuba ya tafi rafi shi kaɗai. Ya dawo da wuyan maraƙar a cikin ganye, ya feɗe shi a bayan bukka, ya karya tsinke ya auna. Sannan ya ce in riƙe masa kan Duna. Na riƙe. Tsinken ya fi tsakanin fiƙoƙinsa tsawo da kusan faɗin yatsa. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya kwance igiyar, ya ce wa Hanne ta zuba wa karen tsala. Ya wuce wajen shanu. Inna kuwa tana can tana kaɗa nono kamar ba ta san an yi ba.

Ban shiga makaranta ba sai da furfura ta fara fito mini, na shiga ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada. Wata rana malaminmu ya zo da littafin 'yarsa mai hotuna. Ya nuna mana dainoso, wasu ƙattin dabbobi masu kama da ƙadangare da suka shuɗe tun kafin mutane, ƙasusuwansu suka zama dutse. Akwai wani mai ƙaton kai da haƙora kamar wuƙaƙe. Malam ya ce masana sun daɗe suna gardama: farauta yake yi, ko mushe yake ci? An samu shaidar haƙoransa a ƙasusuwan wasu dabbobi, amma hakan bai raba gardamar ba.

"Ai ba zai raba ba, Malam," na ce. "Mai cin mushe ma yana barin shaida."

Ya dube ni ya ce haka ne. Sai da aka samu ƙashin wutsiyar wata dabba da guntun haƙorinsa a ciki, ƙashin kuma ya warke ya rufe shi. Mushe ba ya warkewa. Ke nan da ranta ya cije ta, ta kuɓuce.

Na koma gida ina tunanin Inna. Da ina ɗauka tatsuniyar dila ta yi don ta rarrashe ni. Sai da na girma na gane ba da ni take ba: uwa ce take hana ɗanta zalunci ta hanyar da kunya ta bar mata. A ajin nan kuma na ƙara gane wani abu. Matar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana yin irin karatun da masanan nan suke yi, a hankali, ba ta yanke hukunci sai ta auna.

Duna ya ƙara shekara shida tare da mu. Tsufa ne ya kashe shi, a inuwar bukkar Inna.